Beta Ta Ɓata Mini Suna

Ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma ba na ɓoye wa kowa. Ina aji biyu na sakandare mahaifina ya rasu, na fito neman abin da za a ci. Abu guda na iya a duniya, buga tafireta, kuma na iya shi sosai. Shi ya sa har yau in na tuna yadda aka ɗauki wannan abu guda aka mayar da shi abin dariya, sai abinci ya fita raina.

Lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ɗaukar ma'aikata take yi kamar ana rabon goro. Aka ɗauke ni mai buga takardu a wata ma'aikata nan Sakkwato. Yaran yanzu ba su san yadda aikin yake ba. Ba a buga takarda ita kaɗai. Sai ka jera farare, ka sa baƙar takardar kabon a tsakaninsu, ka cusa su gaba ɗaya, sannan ka buga. In yatsanka ba shi da ƙarfi, kwafin ƙarshe fari zai fito, babban akawu ya jefo maka shi a fuska. Ni kwafina na ƙarshe ana karanta shi kamar na farko. In takarda za ta tafi ofishin gwamnan soja, ni ake nema. Ƙarfin yatsa a wancan zamani abin yabo ne, da shi na yi aure, da shi na kama ɗaki a Runjin Sambo.

Sai kuɗin ya ƙare, ko kuma aka ƙarar da shi. Wasu sojoji suka ture wasu, suka ce ma'aikata sun yi yawa. Waɗanda suka cinye kuɗin ba su yi yawa ba, mu masu buga takarda mu ne muka yi yawa, aka sallame mu. Na sayi tsohuwar tafireta, na kafa tebur a gindin dogon yaro a bakin kotu, ina buga wa mutane takardun rantsuwa da na sayen fili. Shekaru na yi a nan, kuma duk wanda ke son aiki mai tsabta teburina yake nufa.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne wani Alhaji ya tsaya da motarsa a bakin kotun. Ɗan gidan malamai ne, amma shi kwangila ya bi, kuma na san shi tun ina ma'aikata, ni nake buga masa takardun kwangilarsa. Ya ce ya buɗe shago a hanyar Mabera, da injin fotokwafi, da kwamfuta, har da wani abu wai shi intanet.

"Kai nika so," in ji shi. "Duk garin ga babu hannu irin naka."

Na riƙe wannan magana. Ku ma ku riƙe ta.

Ban sha wuyar koyo ba, don haruffan kwamfuta a jere suke daidai da na tafireta. Intanet ɗin ta layin tarho yake zuwa. Sai ka danna, wani akwati ya yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, in an yi sa'a ya haɗu. Daga nan sai ka buɗe burauza, wato manhajar da ta zama ƙofar shiga, ta nan ake aika saƙo, ta nan ake duba komai. Masu zuwa mana malaman jami'a ne, da 'yan kasuwar fata masu hulɗa da ƙasashen waje, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu can. Yawancinsu ba su iya bugu ba. Mutum zai zauna gefena ya faɗa, ni in buga, in aika. Burauzar da muka fara da ita tsohuwa ce, tafiyar jaki take yi, amma duk inda ka aike ta tana kaiwa.

Wanda ya haɗa mana kayan wani injiniya ne daga Kaduna, mai ɗaura lakataye a zafin Sakkwato. Wata rana ya zo da faifai a aljihun gaba, ya ce a jikin wata mujallar Turawa ya samo shi, sabuwar burauza ce, ko a Ikko ba kowa ke da ita ba. Ya ajiye faifan a tebur. A jikinsa, bayan lambobi, an rubuta kalma guda: beta.

Alhaji ya ɗaga faifan ya duba. "Wanga hwa? Mi an nan?"

"Beta, Alhaji. Ai ka san beta. Wadda ta fi kyau ke nan."

To wa bai san beta ba? Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san in an ce da Turanci abu kaza beta ne, ana nufin ya fi. Haka muke faɗinta, haka malamanmu suka faɗe ta. Wani malamin jami'a da ke jiran layi ya ce kamar dai rubutun ya gajarce. Injiniya ya ce ai Amurkawa ne, ba sa son dogon rubutu, komai sai sun datse shi. Malamin ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Kowa ya gyaɗa. Injiniya ya cire tsohuwar, ya sa sabuwar, ya ci tuwo da miyar sure a gidan Alhaji, ya kama hanyar Kaduna.

Akwai wani shago da aka buɗe kusa da Sabon Gari, shi ma da intanet, kuma abin yana ci wa Alhaji rai. Kafin mako ya zagayo ya kira mai fenti. Aka sauke allon shagonmu, aka ƙara layi da jan fenti, haruffa manya har sun fi sunan shagon girma: INTANET ƊINMU BETA NE. Mutane kuwa suka zo. Kalmar ta bi unguwa. Mai shayin da ke gefenmu ya fara tambayar mutane, na kullum za a haɗa ko beta? Beta shi ne mai madara biyu.

Ita kuwa sabuwar burauzar, kyau kam tana da shi. Launi, da 'yan hotuna masu juyawa. Sai dai kana tsakiyar bugu za ta sandare. Ka motsa linzamin kwamfutar, shiru. Ko kuma ta rufe kanta gaba ɗaya, duk abin da ka buga ya tafi, babu ko sallama. Sai a kashe, a kunna, a sake jiran kukan kyanwa. Wani dattijo mai fataucin fata ya zauna ya tsara mini dogon bayani zuwa ga abokin cinikinsa, muna dab da ƙarshe ta rufe. Muka sake, ta rufe. A karo na gaba ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce wa Alhaji shi ba zai ƙare da maimaita karatu kamar ɗan makaranta ba, ya tafi shagon Sabon Gari.

Alhaji ya buga wa injiniya tarho, ina zaune ina jin rabin maganar. Injiniya ya ce beta ba ta da matsala, ba a taɓa jin beta ta ba da matsala ba, sai dai a duba mai taɓa ta. Alhaji ya ce mutum guda ke taɓa ta, kuma gwani ne, tun zamanin tafireta. Sai na ga Alhaji yana saurare, yana kallon hannuna.

"Buga mu ji," in ji shi.

"In buga mi?"

"Komi. Buga dai."

Ya jawo wayar tarhon ya kara kanta a jikin kibod, wato allon haruffan. Ni kuwa na buga yadda na saba, yadda aka yabe ni a kai shekara da shekaru. Alhaji ya mayar da tarhon kunnensa. Muryar injiniya har inda nake: "Alhaji, wannan ai ba bugu ba ne, guduma ce. Beta abu ne mai laushi. Wannan mutumin zai kashe maka inji."

Akwai mutane a shagon. Suka yi dariya. A nan aka raɗa mini suna, daga Kaduna, ta wayar tarho, bakin mutumin da bai taɓa tsayawa ya ga shafi guda da na buga ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne na gwada. Ni da ƙarfin yatsana ya ciyar da gidana, na koma ina taɓa haruffa kamar mai taɓa tukunya a kan wuta. Ina lallaɓa su. Ina riƙe numfashi. Saurina ya ragu, kurakurai suka fara shigowa, abin da ban sani ba a da. Ita kuwa burauzar ta ci gaba da sandarewa lokacin da ta ga dama. In ta sandare sai Alhaji ya leƙo daga ofishinsa: "Guduma, ka koma ko?"

Daga baya ya ce in tashi daga kujerar. Ya mayar da ni kan injin fotokwafi, inda aikin bai wuce ɗaga murfi da danna maɓalli guda ba, shi ma ya ce in danna a hankali. Kujerata ya ba ƙanin matarsa, mai difloma, mai bugu da yatsa biyu kamar kaza na tsattsagar dawa. Na ce a raina to, yanzu gaskiya za ta fito. Rana ta farko ta sandare masa. Ta biyu ta rufe da saƙon wani likita. Na dubi Alhaji. Sai ƙanin matar ya ce, ai dole, Guduma ya riga ya girgiza mata ƙwaƙwalwa, irin wannan ba ya gyaruwa da wuri. Alhaji ya ce haƙƙun.

Ku duba wannan shari'a. In ta lalace ina kai, hannuna ne. In ta lalace ba na kai, hannuna ne na jiya.

Sunan bai tsaya a shago ba. Ya riga ni isa Runjin Sambo. A majalisarmu ta bayan la'asar na miƙa hannu zan gyara tashar rediyo, mai rediyon ya janye abinsa, ya ce, "A'a, bari, guda gare ni." Aka fashe da dariya. Matata ta je suna, wata ta tambaye ta wai da gaske ne maigidanta ya fasa injin Turawa da yatsa. Wani lauya da ya daɗe yana kawo mini aiki har gida ya daina. Da na tare shi, sai ya ce ya ji an ce hannuna ya yi nauyi, shekaru ne, ba laifina ba ne. Ko arba'in da biyar ban kai ba a lokacin.

Akwai wani malamin sakandare, Kirista, mutumin yankin Filato, da ya daɗe a Sakkwato har 'ya'yansa sun fi shi Sakkwatanci. Ticha muke ce masa. Yakan zo in buga masa saƙo zuwa ga ƙaninsa da ke karatu a waje. Duk wannan abin da ake yi ba ya gari, ya tafi gida dogon hutu. Ranar da ya dawo ina tsaye a bakin ƙofa, na ga ya kashe babur ɗinsa, ya ɗaga kai ya karanta allon. Ya sake karantawa. Sai ya kama dariya har ya dafa sirdin babur.

Ya shigo yana share ido. "Alhaji, wane ne ya rubuta maka wannan?"

"Ni nis sa a rubuta. Mi ya samu?"

"Ka san ma'anan shi?"

"Ticha, kai ka koya ma yara Turanci, ni za ka tambaya beta?"

Ticha ya ja kujera ya zauna. Ya ce wannan ba waccan ba ce, ba ma Turanci ba ce. Ya ce kafin ya shiga koyarwa ya ɗan yi makarantar horon fastoci, an koya musu haruffan Girkanci. Na farko alfa, na biyu beta. "Kamar naku ne, Alhaji. Alifun, ba'un." Ya ce ƙaninsa ya taɓa yi masa bayani: masu ƙera manhaja in sun fara abu, suna kiransa alfa, su kaɗai ke taɓa shi. In ya ɗan taso amma bai gama ba, sai su kira shi beta, su sake shi kyauta, jama'a su gwada, ya lalace a hannunsu, su kuma su ji inda ya lalace su gyara. "Ba a gama shi ba ne. An ba ku ne ku gwada musu."

Alhaji ɗan gidan malamai ne, ba sai an maimaita masa ba. Na ga fuskarsa ta sauya. Wani tsoho da ya kawo fotokwafin takardar fansho ya ce, "Ashe tana babbaƙu, ko farfaru ba ta kai ba, kunka ba ta limanci." Wannan karon ba da ni aka yi dariya ba. Mai shayi da ya leƙo ya ce to shi dai nasa betan gamamme ne.

Aka nemo tsohon faifan a cikin durowa. Ticha da ƙanin matar Alhaji suka yi ta fama har suka mayar da tsohuwar burauza. Ta dawo da tafiyar jakinta, ba ta ƙara sandarewa ba.

Na jira mutane suka ragu, na shiga ofishin Alhaji. Ban zauna ba.

"Alhaji, ka ji abin da Ticha yac ce."

"Na jiya."

"To ba hannuna na ba."

"Ai ya wuce, Malam. Allah ya kyauta gaba."

"Bai wuce ba. Gaban mutane anka ce mini Guduma. Gaban mutane nika son ka ce ba ni na ba. Ka maishe ni kujerata, ka hwaɗi da bakinka."

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu. Sannan ya ce, kujera dai ya riga ya ba yaron, in ya tashe shi yanzu gidansa ba za a zauna lafiya ba. Na ce na ji, a bar kujera, maganar fa? Sai ya dube ni, ya faɗi abin da har in mutu ba zan manta ba.

"In nic ce ba hannunka na ba, sai a ce mi na? Sai a ce allon. Kana son garin ga duka shi san na rubuta da jan fenti cewa kayana ba su gamu ba? Mutanen Sabon Gari su ji? Kai dai an saba da kai, wasa na akai. Ka yi haƙuri."

Wato an auna sunana da allonsa, allon ya fi nauyi. Ya riga ya roƙi Ticha da tsohon nan da sauran da suka ji su bar maganar a nan. Washegari da sassafe mai fenti ya zo ya shafe layin, aka rubuta MUNA FOTOKWAFI a wurin. Duk wanda ya tambaya, sai a ce injiniya ya gyara ɓarnar da aka yi wa injin. Ba a faɗi wanda ya yi ɓarnar ba. Ba a bukata.

Ranar da zan bar shagon Ticha ya zo aika saƙonsa. Ƙanin matar Alhaji ya fita sallar azahar. Ticha ya dubi kujerar, ya dube ni, ya ce, "Malam, zauna ka buga mini. Yadda ka saba." Na zauna. Na buga da dukan ƙarfin da Allah ya ba yatsuna, irin bugun da ke ratsa kabon, har kofin da ke kan tebur yana rawa. Shafi cike, babu kuskure ko guda. Na aika, ya tafi. Injin ko gezau. Shaidata mutum guda ne, shi ma an roƙe shi ya yi shiru. Na ɗauki hulata na fita.

Yanzu sojoji sun koma bariki, shagunan intanet sun cika gari, har a lungunmu akwai. Ticha yakan tsaya a teburina in ya biyo ta kotu, ya ba ni labari. Wai bayan betan sun fitar da gamammiya. Ba a jima ba suka ce gamammiyar tana da kafa, ɓarawo zai iya shigowa ta nan ya kwashe sirrin mutum, a yi maza a sa sabuwa don tsaro. Aka sa. Suka ce ita ma an gano mata wata kafar. Har yau haka ake yi, kowace ta zo sai ta ce ta baya ce mai matsala, ita ce gyara. Na ce masa ni wannan waƙa na san ta. Na sha jin ta a rediyo da asuba ranar juyin mulki, bayan an gama busa badujala. Kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa dawowa ya tambayi waɗanda aka yi gwajin a kansu yadda suka ƙare.

Masu ƙera abin suna can, ba su san akwai wani gari Sakkwato ba, balle wani mai buga takarda. Injiniya na ji an ce ya zama babban mutum. Alhaji ya buɗe shago na biyu. In mun haɗu a ɗaurin aure yakan ɗago hannu daga nesa, da fara'arsa, ya kira ni da sunan nan.

Ni ina gindin dogon yaro da tsohuwar tafiretata. Ita ba ta taɓa ce mini ba a gama ta ba. Teburan sun ƙaru, muna da yawa yanzu, aikin kuma ya ragu. Mutum zai sauko daga kabu-kabu da takarda a hannu, ya tsaya yana dube-dube, ya ce an ce ya nemi wani wai shi Guduma. Da farko nakan yi kamar ban ji ba. Sai na lura in na yi shiru, na teburin kusa da ni yake miƙa wa takardar. Yanzu ɗaga hannu nake yi, in ce ga ni nan, kawo.